Yadda Na Yi wa Mahaifina Haƙoran Roba

Wasu shekaru can baya, ina ajin ƙarshe a karatun likitan haƙori, na wayi gari ina roƙon Allah abin da ban taɓa jin wani ya roƙa ba: tsoho wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a baki.

Bari in yi bayani, kada ku ɗauka mugunta ce. Mutane da yawa suna zaton karatun haƙori ɗan taƙaitacce ne, a miƙa maka filaya a nuna maka inda za ka kama, shi ke nan. Shekara shida ne, in ba a yi yajin aiki ba, kuma ana yi. Da farko kimiyya ce zalla. Daga nan a haɗa ku da masu karatun likitan jiki, ku yanka gawa tare, ku haddace jijiyoyi tun daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa, alhali ƙafar nan ba za ta sake shiga harkarka ba har ka yi ritaya. Sai a ware ku, a ba kowa kan roba mai buɗaɗɗen baki, ka yi ta huda haƙoransa kana cikewa. Kan roba majinyaci ne na gari. Ba ya cizo, ba ya tofar da yawu, ba ya tambayarka ko ka taɓa yin wannan aikin. Bayansa ne ake sakar maka mutane masu rai.

To, kafin a bar ka ka zauna jarrabawar fita, akwai ayyukan da dole ka kammala da hannunka a gaban malamai. Cire haƙori, cike rami, wankin dasashi, duk waɗannan majinyata na kawo kansu. Mai wuyar samu shi ne mutumin da haƙoransa suka ƙare gaba ɗaya, ka yi masa na roba sama da ƙasa. Kuma shi ɗin za ka kawo ranar jarrabawa, a duba aikinka a cikin bakinsa. In babu shi, babu jarrabawa, sai ka jira 'yan bayanka ku zauna tare baɗi.

Ni kuwa ba ni da shekarar da zan zubar. Sai da na daɗe ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Haɗejiya kafin in sake zana jarrabawar shiga jami'a. A aji Hedimasta ake kirana. Wani yaro da na taɓa sa wa kamun kunne a kan makara ma yana gabana da aji ɗaya, kuma shi ya koya mini riƙon madubin baki. Mai irin wannan tarihin ba ya son a ce masa ya maimaita.

Na samu tsohona da wuri, wani dattijo mai fara'a daga wani ƙauye kusa da Kafin Hausa. Muka yi nisa da aiki, sai damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya tumbatsa, ya kwashe masa shinkafa da rabin gida. Dattijo ya daina zuwa. Na bi shi har ƙauyen a kwalekwale, da siffar muƙamuƙinsa ta farar ƙasa a cikin jakata. Maƙwabcinsa ya ce ya tashi da iyalinsa ya koma wurin 'yarsa can gabas, ba su san garin ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, mutum ya rasa rufin ɗaki, kai kana biyo shi da zancen haƙori?” Gaskiyarsa ce. Kuma haƙoran roba ba hula ba ce da za a ce wani ya gwada. Na wani ba ya shiga bakin wani.

Daga nan na wuce Haɗejiya, na tarar da Baffana, ƙanin mahaifina, a fadama yana gyaran jinga da buhunan yashi. Shi ne mutumin da nake faɗa wa komai. Na zayyana masa halin da nake ciki. Ya ajiye shebur ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

“Kai likita, wane irin karatu ake yi muku? Ka shiga kwalekwale neman abin da ka baro a gida?”

“A gida kuma, Baffa?”

“Yayana mana. Haƙorinsa na ƙarshe ya faɗi a ƙwaryar fura tun bara da azumi. Ba ka lura ya daina cin abinci a ƙofar gida ba?”

A nan sai na ƙara wani bayanin. Ni ɗan fari ne. Asalinmu Fulani ne, ko da yake shanun sun ƙare tun zamanin kakana, Fillancin ma gaisuwa kaɗai ta rage mana. Amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Kakata ce ta rene ni. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, “wancan” ne ni. In na durƙusa na gaishe shi, bango yake amsa wa. In yana da saƙo, Baffa zai ba, ko da ina zaune a wurin. Duk unguwa ta san ba ƙiyayya ba ce, haka ake yi. Na san ciwon suga da goro sun yi masa ɓarna a baki, amma ɗa ba ya ƙura wa bakin ubansa ido, balle ɗan fari. Na leƙa bakin mutane ba adadi, nasa ne kaɗai ban san abin da ke ciki ba.

Na ce, “Baffa, mutumin da ba ya kallon fuskata ne zai kwanta ya buɗe mini baki?”

Ya ce, “Kai dai biyo ni ka zauna a waje.”

Na zauna a dakali bakin zaure, ina jin su. Baffa ya yi ta kewaye-kewaye, ya bi ta ambaliya, ya bi ta tsadar taki, sannan ya sauka a kan maganar. Sai na ji muryar mahaifina.

“Ka ce wa wancan, bakina ba allon makaranta ba ne.”

“Yaya, in ba a samu ba, shekara guda zai maimaita.”

“Da ya zauna a koyarwarsa, wa zai sa shi maimaitawa?”

Maganar ta ƙare a nan. Na koma Kano na fara shirya yadda zan gaya wa abokan karatuna cewa Hedimasta zai ƙara wa'adi.

Ranar Litinin da safe ina asibitin koyarwa, sai nas ɗin da ke aiki da mu ta zo ta ce wasu dattawa biyu suna neman ɗalibin nan ɗan Haɗejiya mai furfura a gemu. Na fita. Ga Baffa yana murmushi, ga mahaifina cikin farar babbar riga, yana karanta wata sanarwa a bango da aka rubuta da Turanci, harshen da ba ya ji.

Ya ce wa Baffa, “Ka gaya musu sayen kayan injin ban-ruwa ne ya kawo ni Kano. Tunda an biyo ta nan, sai a duba.”

Na je na shaida wa malamar da ke kula da aikinmu cewa sabon majinyacina mahaifina ne. Bakanuwa ce, ba ta da wasa. Ta ce babu laifi, amma in sani ba za ta rage mini ko ƙwayar maki ba don zumunci. Na ce ban sa rai ba.

Zaman farko ba zan manta da shi ba. Mahaifina ya cire hula ya miƙa wa Baffa. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai ranar. Na taka kujera ta kwanta da shi. Sai ya rufe idonsa, ni kuma na ja takunkumi na rufe fuska. Ba wanda ya tsara, amma haka muka samu mafita: shi ba ya gani, ni ba a ganina, sai ya zamana wani baƙo ne da ake kira likita yake aiki. Magana kuwa ta hannun nas take bi. Na cika faranti da ƙullun da ake ɗaukar siffar baki da shi, na danna a ganɗarsa. Da na cire, sai ya juya kai wajenta.

“'Yata, ki ce wa likitanku abin nan ya kusa taɓo maƙogwarona.”

Fuskata tana dab da tasa, ita kuwa tana can bakin famfo. Amma ta gyara tsayuwa ta ce, “Likita, Baba ya ce ya kusa taɓo maƙogwaronsa.”

Na ce, “Ki ba shi haƙuri, za a rage.”

“Baba, ya ce a yi haƙuri.”

“Na ji shi ai.”

Aikin haƙoran roba ba zuwa ɗaya ba ne. A ɗauki siffa, a sake ɗaukar wadda ta fi ta kyau, a gwada tsayin cizo da kakin zuma, a jera haƙora a gwada, sannan a gasa na gaskiya. Kowane zuwa sai sun taso daga Haɗejiya, ga hanya ruwa ya ci, sai an yi zagaye. Kuma kowane zuwa da kayan injin da ya lalace. Yau bel, gobe tiyo. Baffa ya ce mini, “In aikin nan ya ƙara wata guda, injin zai koma sabo fil.”

Ranar zaɓen launi Baffa ya nace a sa wa yayansa farare tas irin na masu karanta labarai a talabijin. Mahaifina ya ce wa nas, “Ki ce kada a sa masu ƙyalli. Kada in koma gari a ce aure nake nema.” A wannan zuwan ne kuma Baffa ya ja ni gefe ya ba ni saƙon mahaifiyata, wadda ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye. Ta ce a mayar masa da wushiryarsa. Ni ban ma san yana da ita ba. Na zauna a ɗakin aiki na raba haƙoran gaba biyu kaɗan, na nuna wa Baffa, ya ce a ƙara, na ƙara, ya ce yauwa, ga yayana nan.

Da aka gama na sa masa, nas ta miƙa masa madubi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar mata ya ce wa Baffa, “Tashi mu tafi, kada mu rasa mota.” Da suka dawo gyara na ce a tambaye shi ko sun zauna daidai, ya ce Alhamdulillahi. Na cire na duba, sai ga wuri ya yi ja a dasashinsa na ƙasa, har ya fara salewa. Na goge inda ke gogarsa.

Jarrabawa ta zo. Mai jarraba mu wani farfesa ne da aka gayyato daga kudu, dogo, mai tabarau a kan karan hanci, ba ya jin Hausa. Labarinsa ya riga shi isowa: yana cewa majinyaci shi ne mai jarrabawa na farko, shi na biyu ne. Duk kyan aikinka, in mai bakin bai gamsu ba, ka shiga uku. Ba a barin 'yan rakiya su shiga, don haka Baffa yana waje. Daga ni sai mahaifina a kujera, sai farfesa, sai malamarmu da za ta yi tafinta.

Farfesa ya sa safar hannu ya kama haƙoran sama ya ja, suka ƙi fitowa. Ya sa a cije, ya duba hagu ya duba dama. Ya yi mini tambayoyi na amsa, har da dalilin ratar da ke tsakanin haƙoran gaba. Na ce haka nasa na asali suke, iyalinsa ne suka nema. Ya gyaɗa kai. Zuciyata ta fara sauka. Sai ya juya wajen mahaifina.

Malama ta fassara: “Baba, ya ce ka ji daɗin aikin da wannan likitan ya yi maka?”

Mahaifina ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Ta maimaita. Ya ƙara nazarin fankar, kamar shi aka kira ya gyara ta. Can ya ce, “To. An dai yi.”

Malama mace ce mai amana. Abin da ya faɗa ta fassara, ba ƙari. Farfesa ya dube ni ta saman tabarau ya ce majinyacinka bai gamsu ba, akwai abin da ke damunsa da ba ka gaya mini ba. Ya ɗauki biro.

Na ga shekarata na shirin zubewa. Amma da na saci kallon mahaifina, sai na ga shi ma yana cikin tasa jarrabawar. Yatsunsa sun damƙe hannun kujera. Mutumin nan ya cire hula a gabana, ya kwanta, ya buɗe baki, ya sha hanya har ya gaji. Abu ɗaya ya rage da ba zai iya ba: ya yabi ɗan farinsa a gaban baƙi, ɗan yana tsaye. A wurinsa wannan daidai yake da tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Kuma ya fahimci shirunsa na neman kayar da ni.

Na ce wa farfesa, “Ranka ya daɗe, mahaifina ne, kuma ni ne ɗansa na fari. A wurinmu uba ba ya yabon ɗan fari, ko me ya yi. Amma kushe shi, wannan yana da cikakken izini. Ka tambaye shi laifin aikin.”

Farfesa ya dubi malama, ta ce gaskiya ne, haka al'adar take. Ya ajiye biro ya harɗe hannu ya ce a tambaya.

“Baba, ya ce ka faɗi laifin da ka gani. Kada ka rage komai.”

Jama'a, sai ga mahaifina ya tashi zaune. Ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya.

“Laifi kam akwai. 'Yata, ki gaya masa da kyau. Wancan ba ya zuwa gida sai da dalili. Ya bar aikin gwamnati mai fansho ya zo ya zauna a benci da sa'o'in ƙannensa. Tun yana ƙarami, in aka tura shi fadama korar tsuntsu, sai a tarar da shi a gindin bishiya da littafi, jan-baki sun gama da shinkafar. Ba ya iya ɗaure akuya ta kwana a ɗaure. In yana tafiya kamar ana binsa. Ga furfura ta fito masa, har yau bai ajiye iyali ba.”

Malama tana fassarawa tana cije leɓe. Ni kuwa ina tsaye cikin farar rigar likita, ana karanta tarihina da harshe biyu. Bai tsaya nan ba, sai da ya kawo zancen wani keke da na jefa a kogi ina ɗan sakandare, wanda na ɗauka an manta.

Farfesa ya bari sai da ya kai aya, sannan ya ce a tambaye shi: to, haƙoran fa?

Mahaifina ya motsa muƙamuƙi, ya zagaya harshe sama da ƙasa, ya cije ya saki. Da gaske yake nema, na san shi.

“Su kam na duba, ban samu ba. Jiya ma bandar kifi na ci da su.” Ya ɗan dakata. “Amma ki ce masa ban daina dubawa ba.”

Farfesa ya fashe da dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce wa malama, dattijon nan ya daɗe yana zuba magana da zafi, haƙoran ba su motsa ba, ba su yi ƙara ba, kowane harafi ya fita. Shi bai san wani gwaji da ya fi wannan ba. Ya miƙa wa mahaifina hannu biyu suka gaisa. Ni ko kallona bai sake yi ba, ya ce a shigo da na gaba.

Na ci jarrabawa. Da sakamako ya fito na kira Baffa, shi ya kai labari zaure. Ya ce mahaifina ya tashi ya shiga gida ya sa aka kama babban ragonsa aka yanka. Maƙwabta suka tambaya na mene ne, ya ce ragon ne ya cika ɓarna. Aka gasa, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya zauna cikin abokansa ya ci rabonsa.

Bayan nan na yi shekarar horo a asibiti, na yi hidimar ƙasa, na dawo Jigawa na kama aiki. Abin da ranar ta koya mini kuwa ba ya cikin ko ɗaya daga littattafan da na haddace. Mutanenmu ba a tambayarsu “ya yi?” Ko ƙusa ce a bakinsu, Alhamdulillahi za su ce, don kada su kunyata ka. Yanzu in na gama aiki sai in ce, “Baba, ina ne bai yi ba?” ko “Inna, nuna mini inda na ɓata.” Sai ka ga mutum ya saki jiki ya nuna maka wurin da yatsa. Ɗaliban da ake turo mana horo ma haka nake gaya musu: karatun haƙori rabinsa hannu ne, rabinsa sanin mai bakin.

Tun daga lokacin an yaba mini ba laifi. Akwai masu addu'a, akwai masu kawo ƙwaryar shinkafa, akwai wata tsohuwa daga Miga da ta rantse hannuna ba ya zafi, alhali allura ce ta yi aikinta. Ina godiya, ina kuma mantawa. Wanda ba na mantawa shi ne na ranar nan, da aka ba mahaifina fili a gaban farfesa aka ce ya kushe aikina, ya zauna ya duba iyakar gaskiyarsa, ya rasa.